Kunnen Jaki da Tsinken Kawu

Jitar da na saya wurin wani ɗan gwanjo a Sakkwato ta girme ni, ina kuma kyautata zaton ta fi ni shan wuya a duniya. Ba Fender ba ce, amma wanda ya ƙera ta ya kwaikwayi Stratocaster har yadda in ka tsaya nesa, da magariba, kana iya rantsuwa ita ce. Abin da ya ja ni ga saye kuwa labarin Mdou Moctar na Nijar ne, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke, kuma a nan Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Na ce to, in mai wayar birki ya kai Amurka, ni mai tsirkiya shida ta gaske ai sai inda mai ya ƙare.

Malamina mutumin Agadas ne. Da rana yana sayar da zobban azurfa, da dare ya koya mini kiɗa a zauren gidan da yake haya, ladansa sukari da ganyen shayi. Ran farko ko tsirkiya bai bar ni na taɓa ba. Wasu 'yan sanduna uku farare ya nuna mini, kwance ƙarƙashin tsirkiyoyin, ya ce su ne kunnuwan jita. Kowanne maganaɗisu ne da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai. Tsirkiya ta motsa, shi ya ji, ya kai gulma wurin amfilifaya. Ɗaya yana kusa da wuya, ɗaya a tsakiya, ɗaya can ƙasa dab da abin da tsirkiyoyi suke hawa, wanda masu goge suke kira jaki. Nan take na raɗa masa suna kunnen jaki, ina dariya. Ashe bakina ne ke ja mini.

Tsirkiya ɗaya ce, amma kowane kunne da abin da yake ji. Ta wajen wuya tana lilo da faɗi, sai sautin ya fito da kauri da laushi, kamar muryar dattijon da ya ƙoshi. Wajen jaki an ɗaure ta tam, ba ta da wurin sakewa, sai ya fito siriri da kaifi, kai ka ce kishiya ce ke habaici ta katanga. Na tsakiya ba yabo ba fallasa. Mai raba musu aiki wani ɗan harshe ne na ƙarfe mai hular roba, yana da mazauni biyar: lamba 1 jaki kaɗai, 2 jaki da tsakiya, 3 tsakiya, 4 tsakiya da wuya, 5 wuya.

Malam ya ce da Leo Fender ya fito da Stratocaster a Kalifoniya a 1954, mazauni uku kawai ya yi wa harshen. Makaɗa ne suka gano in harshen ya maƙale tsakanin mazauni biyu, kunnuwa biyu na saurare tare, sai wani sauti ya fito mai rami a ciki, wanda Turawa ke kwatantawa da kukan agwagwa. Don kada ya zame, wasu suka riƙa cusa masa tsinken ashana. Sai a 1977 kamfanin ya haƙura ya mai da mazaunan biyar. Shekara 23 ke nan manyan makaɗan Amurka da Ingila suna maneji da tsinke! Tun daga ranar na daina jin kunyar ɗaure madubin babur ɗina da kyauro.

Ni lamba 4 na aura. Ina son sauti garau, wanda ba a ƙure amfilifaya har ya dushe ba, kowace tsirkiya ka ji ta ita kaɗai kamar ana ɗiga ruwa a kwano. Lamba 5 tana da daɗi in kai kaɗai ne a ɗaki, amma kalangu na shigowa sai ta nutse. Lamba 2 ta cika fi'ili. Huɗu kuwa tana da laushin wuya da ɗan ƙyallin tsakiya. Ga kuma wata falala: irin waɗannan kunnuwa, in ɗaya ke aiki shi kaɗai, yana kwaso gunjin lantarki, wannan "zzzz" da ke bugawa sau 50 a daƙiƙa. Amma a jitoci da yawa, har da tawa, an juya naɗin kunnen tsakiya da maganaɗisunsa, don haka a lamba 2 da 4 gunjin wannan ya cinye gunjin wancan, a samu shiru.

Aibin jitata ɗaya ne. Ɗan harshen ya saki, kamar haƙorin tsohuwa. Lamba 1 kuma ita ce ta ƙasa, don haka ko hannuna ya ɗan goge shi, ko ma na yi atishawa, sai ya gangara wurin jaki. Malam ya ce in kai wa mai gyaran rediyo ya canza shi. Na ce haba Malam, ni da na san tarihi? Na sayi fakitin tsinken sakace, na soke ɗaya a gefen harshen, ya tsaya cak a huɗu. Malam ya kalle ni, ya kalli tsinken, ya ci gaba da fifita gawayin shayinsa.

Bikin 'yar Kawuna ne ya zo, ƙawayen amarya suka ce in yi musu kiɗa ran dina a filin ƙofar gida. Kawu tun farko bai so ba. Garayar Nasara yake kiranta, kuma duk inda ya gan ni da ita sai ya tambaye ni ko aikina na koyarwa ya ƙare ne. Gwaggo ce ta lallashe shi, a kan sharaɗin waƙa biyu, a hankali, kada a tayar wa unguwa da hankali.

An ɗauke wuta tun la'asar, aka kawo janareta aka ajiye kusa da rumfa. Da na jona, na gwada lamba 5, amfilifaya ta hau gunji kamar an tono gidan rina. Na mai da huɗu, tsit. Na soke tsinkena, na jingine jitar a kujera, na tafi sallar isha'i ina jin kaina kamar injiniya.

Abin da ya faru a bayana, daga baya aka ba ni labari. Kawu ya gama da balangu, wani zare na nama ya maƙale masa a turmi. Ya laluba aljihu babu tsinke, ya aiki yaro bai dawo ba. Yana waiwayawa sai ga tsinke sabo fil, tsaye a jikin garayar Nasara, kamar don shi aka tanada.

Na dawo, mai gabatarwa ya kira ni da kirarin da ban biya ba, na rataya jita ban duba ba. Amarya da ango sun taso ana yi musu liƙi. Na ƙara murya don na baya su ji, na lumshe ido, na sauke hannu da ƙarfi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya fito ba. Harshen ya faɗa lamba 1, gunjin janareta ya dawo da iyalansa, kaifin kunnen jaki ya hau kansa, kuma da yake na tsaya dab da lasifika, sai ta kama wani ihu mai tsawo da ke ƙaruwa da kansa. Wata jaririya ta tsala kuka. Gwaggo ta saki kwanon alkaki tana salati. Na kai hannu ga maɓallan rage kaifi guda biyu, na murɗa wannan, na murɗa wancan, ko gezau, don a tsohon tsarin Stratocaster kunnen jaki ba shi da linzami: maɓalli ɗaya na wuya ne, ɗaya na tsakiya. Malam ya faɗa mini wannan tun watan farko. A daren nan na tuna.

Sai kuma daga bayan katanga, inda masu ɗibar yashi ke ɗaure dabbobinsu, wani jaki na gaske ya amsa. Na biyu ya karɓa. Mai kalangu, wanda tun da yamma yake jin haushin an kawo ni, ya ga dama ta samu, ya shiga bin kukan jakunan da kiɗa, yara suka fito fili suna rawa.

Na tura harshen sama da babban yatsa, na riƙe shi da ɗan ƙaramin, na ƙarasa waƙar da sauran yatsun kamar mai ɗinki da hannu a ɗaure. Ta biyun ba wanda ya tambaya.

Ina naɗe waya sai ga Kawu, yana tafe yana tsotsar haƙori.

"Kai, ɗan nan, ashe abin naka har dabbobi yana kira?"

"Kawu, Allah ya ja kwana, wani ne ya cire mini tsinke."

Ya zaro shi daga bakinsa, ya duba kansa da ya tauna, ya miƙo mini.

"Au, naka ne? Ungo. Ai da ka faɗa."

Washegari na je wurin Malam na zayyana masa komai. Sai da ya zuba shayi ya ɗaga sama ya mayar har sau uku kafin ya ce da a bikin Agadas ne, inda ake ƙure ƙaramar amfilifaya har ta yi kururuwa, da an rufe ni da liƙi. Ya ƙara da cewa mai gyaran rediyon yana buɗewa ƙarfe tara.

Na kai an canza harshen, yanzu yana tsayawa a huɗu ba da taimakon kowa ba. Sunan Mai Jaki ne dai ya ƙi canzuwa, har ɗaliban ajina sun ji. Ran sunan ɗan fari na amaryar nan, ina shiga da jita a kafaɗa, Kawu ya yafito ni daga kan tabarma, gabansa tiren nama, ya tambaye ni ko na zo da tsinke.