Hajiyar Abuja da firizar da ba ta ga wuta ba

Ku matso kusa, wannan ba maganar lasifika ba ce. Wadda ta fesa mana ita katanga ɗaya ce tsakaninta da gidan, kuma ta ce in muka kama suna ba ta yafe ba.

Kun dai tuna duhun nan na Oktoban 2024, da aka lalata babban layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya tsinke, Arewa ta haura mako guda ba ko ƙyalli. To, a daidai wannan gaɓar wata Hajiya mazauniyar Abuja ta sauka ganin gida a cikin birnin Kano, bayan shekara uku rabonta da unguwar. Mota biyu ta zo da su. Ta biyun ba kowa a ciki sai sabuwar firiza da ta sayo wa mahaifiyarta Inna, da kaji da naman rago da za a cika ta. Sai da aka tara majiya ƙarfi huɗu kafin firizar ta wuce soro, Hajiya na tsaye tana cewa a yi a hankali, kuɗinta ya fi na babur.

Da magariba aka ɗauke wuta. Hajiya ta ce ba komai, yanzu za su kawo. Gari ya waye, wani ya sake wayewa. Janaretan gidan tun rasuwar Malam maigidan bai ƙara tari ba, na aro kuwa wa zai bayar, litar fetur ta haura naira 1,000? Ƙanƙara ta zama sai mai hanya. 'Yan garuwa suka ƙara kuɗin kura tunda burtsatse ba ya tashi sai da inji. Rana ta uku aka buɗe firiza, Inna ta sunsuna, ta ce a hura murhu. Ranar har almajiran layin sai da suka ci soyayyar kaza, sauran aka yi dambu. Majiyarmu ta ce ita ma ta sami cinya, kuma ba ta ga laifinta ba.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne waya. Akwai wani ƙaninta, 'yan uba suke, mai rumfar caji a bakin layi da faifan sola biyu a saman kwano. Ranar da ta iso ya zo gaisuwa, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Da iPhone ɗin Hajiya ta mutu murus, sai ga yarinya da saƙo: wai Yaya ta ce a sa mata a gaba, mijinta Alhaji zai kira. Ya karɓa da hannu biyu, ya manna mata lamba kamar ta kowa, ya ce, "Ki ce wa Yaya ina gaishe ta. Akwai mutum arba'in a gabanta, kuma kuɗi hannu." Wai sai da aka biya.

Matan gidan kuma suna ta ƙus-ƙus a bakin murhu: mai sola har a ɗakin maigadinta, amma mahaifiyarta na fifita da mafici.

Mako biyu ta ce za ta yi. Kwana na huɗu ta shiga ɗakin Inna ta durƙusa, wai Alhaji ba ya jin daɗi, dole ta koma. Aka yi addu'a, aka raka ta har mota. Washegari da yamma wani ɗan unguwar mai Adaidaita ya sauke fasinja a ƙofar wani otal a unguwar Nasarawa, nan cikin Kano, ya hango motar Hajiya a fake, direban na wanke ta.

Firizar tana nan a tsakar gida. Mun ji Inna ta zuba gero a ciki, ta ce ɓera ba ya iya shiga.