Kukan Akori-kura da Masu Fassara Shi

Akori-kurar kawuna Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, a masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ta yi dakon albasa, ta kwaso gero daga Dawanau, ta kai amare da gadajensu, har ta kai shekarun da mota ke fara magana. Wata safiya sai ta soma: tak-tak-tak, kamar ana sassaƙa turmi a bayan gari. Kwana uku na yi ina raka Kawu gareji-gareji, kuma abin da na karanta a jikin mutane ya fi wanda na karanta a jikin inji.

Da Kawu zan fara, domin shi ne sarkin masu motar da ba sa ji. Maganin kowace ƙara a wurinsa shi ne a ƙara wa rediyo murya. In ka ce, "Kawu, ba ka jin abin nan?" sai ya ce, "Yaro, tun ba a yaye ka ba take yin haka." Fitilar baƙin mai ta daɗe tana ƙyafta masa ido, shi kuwa ya liƙe ta da hoton wani ɗan takara. Irinsu ba sa shiga gareji sai a ƙarshen igiya, wata motar na jan su. Wannan karon ma ba don Gwaggo ta ce ƙarar na tayar mata da jika daga barci ba, da ba mu je ba.

A gareji muka tarar da mai kwaikwayo. Tsohuwar mota akwai kunya: da ta hango bakanike sai ta yi tsit kamar amarya a gaban surukai. Dole mai ita ya yi ƙarar da bakinsa. Ga dattijo da babbar riga da zanna-bukar, ya kumbura kumatu yana "gurrr, ƙwas, gurrr, ƙwas", yaran gareji sun ɓuya bayan taya suna riƙe ciki. Amma kada a raina shi. In aka dace da mai iya tambaya, rabin aikin a bakinsa yake. Da sanyin safiya take yi ko sai ta ɗau zafi? A tsaye ko a hawan tudu? Fistin da ya saki jiki yakan yi ƙara da safe, ya yi shiru in ƙarfe ya ɗumama. Ƙiii ɗin da ake ji da an tayar da mota yawanci fanbel ne ya yi sako-sako. Ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, lokacin da aka taka mota da lodi a tudu, ko man ba shi da kyau ko taimin ya yi gaba. Matsalar ita ce ba kowa ke tambayar ba.

Oga Sauke-Inji, alal misali, ba ya tambaya. Tun ba a buɗe bonet ba ya girgiza kai: "Alhaji, sai an sauke." Kafin ka gama salati ya lissafo ringi, fistin, metal, gasket, da kai karanshaf wurin masu gogewa, ya kuma ce akwai wani ɗan'uwansa a Ƙofar Ruwa da zai yi maka sauƙi. Dubi kusurwar garejinsa, za ka ga akori-kura uku a kan duwatsu, kaji sun yi ƙwai a kujerar direba. Duk an sauke musu. Hawarwa ce ta gagara.

Kishiyarsa shi ne Mai Kauri, aminin dillalai. Shi ba ya kwance ko noti ɗaya. Baƙin mai zai ɗura mai kaurin zuma, ya bi shi da wani gwangwani mai rubutun da shi ma bai iya karantawa ba. Man ya cike ratar da ta buɗe tsakanin metal da karanshaf, inji ya yi lum. Shirun nan yana da wa'adi, daidai lokacin da mai saye zai ƙirga kuɗi ya fita daga gari. Akwai kuma ɗan canji-canji, wanda ke farawa da fulogi, in ba a dace ba ya koma kafireta, daga nan batir, har sai aljihunka ya yi shiru kafin injin.

Sai 'yan benci, waɗanda ba su da mota, ba su da sifana, amma ba a rasa su. Ɗaya ya ce baki ne, a nemi rubutu a yayyafa wa lagireto. Ɗaya ya zaro waya ya nuna mana wani Ba'amurke yana gyaran ƙatuwar Ford mai silinda 8, alhali tamu 4 gare ta. Wanda ya fi tsorata Kawu shi ne mai labari: "Ta maƙwabcina ma haka ta fara." Duk labarinsa a hannun 'yan gwangwan yake ƙarewa, an auna mota a sikeli. A gefe kuma ga ƙaramin yaron gareji, baƙi ƙirin da giris, wanda na tabbata tun ranar farko ya gane ciwon. Bai faɗa ba, ya san kuɗin magana gaban oga ranƙwashi ne.

A rana ta uku aka kai mu wurin wani bakanike da ake ce wa Baba. Bai amsa gaisuwa da tsawo ba. Ya ce a tayar, ya ɗauko doguwar sukundireba, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ya saurari ƙasa, ya saurari sama. Ya sa aka cire fanbel na ɗan lokaci, ƙara ba ta tafi ba, ya wanke famfon ruwa da altaneta daga zargi. Ya riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Ashe in konrod ne, da an kashe wutar silindar da ke da ciwon sai bugun ya ragu, kuma bugunsa mai nauyi ne, daga ƙasa, gwaf-gwaf. Namu bai ragu ba, kuma siriri ne, daga sama.

"Tafet ne," in ji Baba. Kalma biyu ke nan a rabin sa'a.

Ya ce a bar ta ta huce. Da ta yi sanyi ya buɗe murfin sama, ya daidaita ratar bawul da 'yan siraran ƙarafan awo, ya sa aka zubar da baƙin man da ya koma kwalta, aka sa sabo da sabuwar filta. Sannan ya ɓare hoton ɗan takarar nan, ya ce, "Alhaji, in jar fitilar nan ta kama kana tafe, kashe motar a inda kake."

Da aka zo biya Kawu ya turje. "Haba Baba, ai ba ka canza komai ba, saurare kawai ka yi." Da Oga Sauke-Inji ne ya nemi ninki goma, wallahi da ya biya har da godiya, domin ya ga injinsa a ƙasa. Baba bai ce uffan ba, hannu kawai ya bari a miƙe har kuɗin suka cika.

Mun dawo gida mota na tafiya sumul. Ranar Juma'a na shiga gaba zan raka Kawu masallaci, na tarar da sabon hoto a kan fitilar, na wani ɗan takarar daban.