Takunkumi a haɓa, goro a baki

Hali zanen dutse, kuma korona ba ta zo da abin kankare shi ba. Ranar 19 ga Maris 2020 aka ce cutar ta ɓulla a Yamai. Kan ka ce me, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe iyakoki da makarantu da masallatai, aka ce tsofaffi su fi kowa kiyayewa. A Karofane ta ƙasar Buza kuwa, kowane dattijo ya tsinci dokar da ta dace da halinsa, ya bar wa rediyo sauran.

Akwai Baba mai son jama'a, wanda gaisuwarsa ke farawa daga gajiya, ta bi ta gonar albasa, ta ƙare kan yaran da ke ci-rani a Abijan, duk hannunka na cikin nasa. Da ma'aikacin lafiya ya gama yi masa bayanin illar musabaha, sai Baba ya kama shi da hannu biyu: "Yaro, Allah ya yi maka albarka, ka faɗi gaskiya." Takunkuminsa a haɓa yake kwana, don goro na bukatar hanya. In tari ya taso, sai ya cire shi gaba ɗaya, kada ya ɓata abin gwamnati.

Mai taurin kai bai wahalar da kowa ba. Ya ce wanda ya ga yunwar 1984 ba ya gudun murar masu hawa jirgi.

Inna mai tsabta ce ta samu sarauta. Shekara arba'in tana faɗan wanke hannu ana ce mata mai mita, yau ga shugaban ƙasa ya goya mata baya. Ɗanta da ya dawo daga ci-rani sai da ya yi kwanaki a zaure. Kuɗin da ya zo da su dai ba a killace su ba, daren nan suka shige ɗaki.

Amma gwanin kiyayewa shi ne Alhaji marowaci. Da an sauke tukunya sai ya tura ƙyaure: "Ku yi haƙuri, likita ya hana taro." An buɗe masallatai tun 13 ga Mayu 2020, labarin bai iso akushinsa ba har yau.