Ɗan Goggo ya sayo gilashin da babu irinsa

Ɗan Goggo, bawana na kaina, labari ya iso mini cewa ka sayar da babur ka sayi gilashin kyamara. Wai na gwaji ne, irin wanda injiniyoyi ke ƙerawa kafin kamfani ya fara zubo na kasuwa, wai babu irinsa a duniya. Sannu Sarkin Hoto! Kai da ko sabuwar waya ba ka saye sai ka ga ta shekara a hannun wani, yau kai ne zakaran gwajin dafi.

Ban ce babu masu sayen irin wannan kaya ba. A watan Yunin 2022, a garin Wetzlar na Jamus, an yi gwanjon wata kyamarar Leica ta gwaji, ƙirar 1923 mai lamba 105, ta tashi a kan Yuro miliyan 14.4. Amma ita ta Oskar Barnack ce, mutumin da ya ƙirƙiro Leica ɗin, kuma asalinta a rubuce yake. Attajirin da ya saye ta tarihi ya saya, ba zai rataya ta ya tafi wurin kamu ana fesa mata turare ba. Naka fa, ina takardarsa? Dillali ya rantse, ko? Dama 'yan damfara sun daɗe suna ɗaukar tsofaffin kyamarorin Rasha, Zorki da FED, su zana musu sunan Leica su sayar wa masu zumuɗi. Zana lambar gwaji a jikin gilashi ai aikin rabin yini ne.

Kai, bari ma in ba ka labarin danginka. A 1966, a baje kolin Photokina, kamfanin Zeiss ya fito da wani shirgegen gilashi, Super-Q-Gigantar, 40mm f/0.33, wai ya fi kowane zuƙar haske. Ashe tsokana ce kawai, ana yi wa masu tseren lamba dariya, don abin ko hoto ba ya ɗauka. Duk da haka a 2011 wani ya zuba dubban Yuro ya saye shi a gwanjo. Shi dai ya san wasa ya saya. Kai kuwa da gaske kake, abin da ya sa nake ƙaunarka ke nan.

Na gwaji, Ɗan Goggo, a jikinsa ake neman kuskure. A nan ake gane cewa shafin da ke hana ƙyalli bai zauna ba, ko zoben saiti yana cijewa, ko gefen hoto yana dishi-dishi. Sai an gyara duk wannan a fitar da na kasuwa. Wato tuwon farko ka saya, wanda uwargida ke ɗanɗanawa ta ce a ƙara wuta, ka kuma biya kuɗin ragon suna. Ranar da wani ɗan ƙarfe ya karye a cikinsa, ba garanti, ba kayan gyara, mai gyara zai juya shi ya juya, ya ce maka Allah ya mayar da alheri.

Ga ɗan 50mm f/1.8 na Canon nan, tun 1987 ake buga irinsa, araha kamar a ba ka kyauta, ya aurar da amare ba iyaka. Ka raina shi don kowa na da shi. To ai shi ya sa kowane mai gyara ya san cikinsa.

Na ga hotunan bikin Asabar, kada ka ce ƙarya nake maka. Hancin ango ne kaɗai ya fito tar, amarya kuwa sai wanda ya san ta. Ka ce wa uwar amarya salo ne na Turai. Baiwar Allah ta yarda, don tana ganin girman Goggo.

Kada ka kumbura, hannunka na da kyau, kanka ne dai sai addu'a. Ka zo ka karɓi kuɗin shararka na bana, zan ƙara maka na mota, tunda yanzu a ƙasa kake.