Alhaji, Harajin Nawa Ne Takamaimai?

Masu gidajen haya na unguwar Tokoin a Lome, ku gyara zama, yau da ku nake. 'Yan haya kuma kada ku yi saurin tafi, naku rabon na nan tafe.

Daga Gbadago zuwa Casablanca, daga Doumasséssé zuwa Wuiti, duk ranar da mai gida zai ƙara kuɗin ɗaki, karatun ɗaya ne. Zai yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya ce: "Wallahi ba a son raina ba ne, OTR ce ta matsa mana." Ita dai OTR, hukumar tara wa gwamnatin Togo kuɗin shiga, da dokar 2012 aka kafa ta, ta fara aiki a 2014. Tun daga nan ta zama mai laifin duk wani ƙarin haya a Lome, har da na ɗakin da rabonsa da fenti tun zamanin Shugaba Eyadema.

To Alhaji, Allah ya ƙara arziki, ara mini alƙalaminka. Harajin gini ga yadda ake lissafa shi: a duba abin da gida zai kawo na haya a shekara, a zubar da rabi, a ɗauki kashi 7.5 cikin ɗari na rabin da ya rage. Mu yi misali da ɗakin sefa 20,000 a wata. A shekara 240,000 ke nan. Rabinsa 120,000. Harajinsa 9,000 a shekara, wato sefa 750 a wata. Kai kuma 5,000 ka ƙara. Ragowar 4,250 ɗin, wace hukuma ce ta matsa maka a kansu?

Na ji ka. Ka ce na manta da harajin da ake ɗora wa kuɗin hayar kansa, tunda shi ma samu ne. Ban manta ba. Inda kamfani ne ɗan hayar, abin da yake yankewa ya miƙa wa hukuma, na gini da na samu a haɗe, kashi 8.75 ne cikin ɗari. A ɗakin misalinmu sefa 1,750. Har yanzu da sauran tafiya kafin a kai 5,000. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, tunda ba a gaban jami'i muke ba: cikin gidajen da ake hayar ɗaki-ɗaki, ana karɓar kuɗi hannu da hannu ba takarda, nawa ne aka faɗa wa hukuma ainihin abin da suke kawowa? Ban ce kai ba, Alhaji. Maƙwabcinka nake nufi.

Akwai ma wani dattijo da ya fi kowa ɗaga murya a majalisa in an taɓo zancen lanho, wato haraji, alhali gida ɗaya tak gare shi, a ciki yake zaune, kuma irin wannan gidan doka ta yafe masa harajin gini. Baba, a yi haƙuri, wannan kukan taya wasu kake yi.

Ga tambayar da nake so a amsa mini ba tare da an kalli ƙasa ba. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta rage harajin gini daga kashi 15 zuwa 7.5, na filin da ba a gina ba kuma daga kashi 2 zuwa 0.5. Rabi cur aka zabge daga na gini. Duk ɗan hayar da mai gidansa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa a shekarar ya ce, "Albishirinka, an rage mana haraji, kai ma na rage maka," ya ɗaga hannu mu gan shi. Ina jira. Ba komai, ku sauke, na san ƙaiƙayi ne ya sa wancan ya ɗaga.

Abin da ke tsayar da kuɗin ɗaki a Tokoin shi ne yawan masu layi a bakin ƙofa. Ƙidayar 2022 ta ce mutum 2,188,376 ke zaune a Lome da kewayenta, filin Tokoin kuwa ko taku ɗaya bai ƙaru ba. Unguwa ce a kan tudu, bayan tafkin da ya raba ta da tsohon gari. Babban asibitin Sylvanus Olympio na nan, jami'a na nan kusa, ga filin jirgin sama, ga kasuwar awaki ta Gbossimé, babbar kasuwar Asigame kuma ba nisa. Wanda ya tare a Agoè ko Adétikopé don gudun tsadar ɗaki, mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ne zai riƙa karɓar bambancin safe da yamma. Mai gida ya san haka sarai. In ka fita yau, kafin ka gama ɗaure katifa dillali ya kawo mutum uku. Ƙara da kuɗin siminti da rodi da kwano, ka ga inda 5,000 ta fito.

Sai dai kada 'yan haya su ɗauka haraji bai shafe su ba. Ya shafe su, ta hanya mafi ciwo. Inda ɗaki ya yi ƙaranci, duk abin da aka ɗora wa mai gida yana da ƙarfin ya sauke shi a kan wanda ke ciki. In an ƙara haraji, kai za ka biya. In an rage, shi zai riƙe. Mai shagon da aka ƙara wa haya kuma ba daga aljihunsa zai cike ba, a kan sukari da sabulu da gwangwanin tumatir zai raba, Hajiya ta biya ba ta san ta biya ba.

Wanda ya fi haraji karya ƙugu shi ne kuɗin gaba. An daɗe a garin nan ana neman na shekara guda, wani lokaci fiye, kafin a miƙa mabuɗi. Dokar 5 ga Janairu 2022 ta ƙayyade shi: wata uku na ajiya, wata uku na lamuni, ba ƙari. Ko an bi dokar sau da ƙafa, ɗakin 20,000 sai ka dire 120,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma 52,500 a farkon 2023. Ban sa ladan dillali ba, ban sa kuɗin ganin ɗaki ba, wanda ake biya ko da ɗakin bai yi maka ba. Malam dillali, na ga kana murmushi, kai ma OTR ce ta matsa maka?

Yanzu ga wadda za ku ce na sha wani abu. Haraji mai nauyi ba ya ɗaga farashin sayar da gida, sauke shi yake yi. Mai saye da hankali yakan lissafa abin da gidan zai riƙa ci masa kowace shekara, ya cire daga tayinsa. Wani masanin tattalin arziki, Wallace Oates, ya bincika haka a garuruwan jihar New Jersey ta Amurka a 1969. Ya tarar inda haraji ya fi yawa farashin gida yana raguwa, amma inda kuɗin ke shiga makarantun unguwa farashin yana sake tashi. A jihar Kalifoniya kuwa masu gidaje sun kaɗa ƙuri'a a 1978 aka ɗaure harajin a kashi 1 cikin ɗari, kuma yau gidajenta na cikin mafi tsada a ƙasar.

"Ina ruwanmu da Amurka?" Madalla, mu dawo gida. Ka zaga bayan gari, har da wasu lunguna na cikinsa, ka ƙirga filayen da aka kewaye da katanga aka bar wa ciyawa da ƙadangaru. Fuloti cikakke, murabba'in mita 600, mai shi yana Faransa ko Jamus, ko yana nan yana jiran farashi ya ninka. Jiran ba ya cin masa komai, don harajin fili kashi 0.5 ne, in ma an zo karɓa. Ra'ayina, kuma na san ba zai yi wa wasu daɗi ba: a nan ne ya kamata haraji ya yi cizo. Da riƙe fili ba gini yana da tsada, da mai shi ya gina ko ya sayar, ɗakuna su ƙaru, layin bakin ƙofa ya ragu. Alhaji, shayinka zai zube, ajiye kofin tukuna.

Za ku ce to wa za a kai wa takardar harajin, tunda fili ɗaya sai a sayar wa mutum biyu? Wannan kam kun yi gaskiya. Kowa ya ga katangun da aka rubuta wa da Faransanci cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne, ko filin nan ana shari'a a kansa. An yi sabuwar dokar filaye a watan Yunin 2018 don maganin haka, amma tsoron sayen rigima har yau yana cikin farashi. Fili mai cikakkiyar takardar mallaka ya fi maras ita tsada nesa ba kusa ba, kuma wannan bambancin ya fi duk harajin da za ka biya a shekaru masu yawa.

Ba na zargin dattawan Zango da suke ɗari-ɗari da duk takardar da ta fito daga hukuma. A 1977 aka rushe tsohon Zangon da ke tsakiyar Lome, aka kwashe mutanensa zuwa Togblékopé, wajen kilomita 15 arewa da gari. Wanda ya ga haka da idonsa, ba da lissafin alƙalami za ka kwantar masa da hankali ba. Ƙin haraji kuma ba mu muka fara shi a garin nan ba. A watan Janairun 1933 matan kasuwar Lome sun fito kan titi saboda sabon harajin Turawan Faransa, har suka sa gwamna ya saki mutanen da ya kama. Wanda ya san matan Asigame na yau ba zai yi mamakin kakanninsu ba.

To, 'yan haya, an zo kanku. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai harajin zama, wanda ke kan mazaunin gida ko nasa ne ko haya yake, daga sefa 2,000 a shekara na ɗaki ɗaya har zuwa 100,000 na manyan benaye. Ɗan'uwa, yaushe rabonka da biya? Ka ce ba ka taɓa jin sa ba. Amma ka ji labarin kwatar da ta toshe, kuma kai ne kan gaba wajen zagin hukuma a kanta. Ka nemi mai gidanka ya nuna maka shaidar biyansa, cikin ladabi, da "ranka ya daɗe" a gaba. Sai dai ka shirya, shi ma zai nemi taka.

Hujja ɗaya da ta haɗa mai gida da ɗan haya, kuma ba ni da amsarta, ita ce: in mun biya, me za mu gani? Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yunin 2019, wanda rabon ƙasar da irinsa tun 1987, Lome da kewayenta na da magadan gari 13, kuma wani kaso na waɗannan haraji asusunsu yake shiga. Suna da ofis, suna da kansiloli, wasunsu da su muke sahu ɗaya ranar Juma'a. Duk mai takardar shaidar biya ya ɗauke ta kafin ruwan watan Yuni, ya je ofishin magajin garinsa, ya tambayi kwata da shara da fitilar layinsa. Wanda ba shi da ita kuma ya zauna a benci, mu ci gaba da musu.