Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Motar Gida, Kafin Ta Tako Garin Lafiya

Zuwa ga Hajiya Motar Gida,
duk inda kika yada zango a bakin tekun Turai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina nan ƙalau, ke da tayoyinki da tukwanenki. Ya gajiyar hutu? Allah Ya ƙara nisan kwana.

Labarinki ya iso mana ta wayoyin yara. An ce a cikinki akwai gado da katifa, da murhun gas, da firiji, har da banɗaki mai ruwa, kuma duk da haka ana tuƙa ki. An ce tsoho da tsohuwarsa idan sun ajiye aiki sai su kulle gida, su miƙa makulli ga maƙwabci, su shige cikinki su bi gaɓar teku gari-gari har tsawon watanni, ba wanda suka je yi wa ta'aziyya, ba kayan da suka kai kasuwa. A Ostareliya akwai masu furfurar da ke zagaye ƙasar kacokan a kan titi guda mai tsawon kusan kilomita 14,500. A Faransa kuwa hukumomin garuruwa da kansu suke ware miki fili, su ja miki famfo, su tanadi ramin da za ki zubar da ƙazantarki. 'Yan'uwanki na Amurka irin su Winnebago wasunsu sun fi bas ɗin makaranta tsayi. Ranki ya daɗe, kin ji daɗin duniya.

Daga Lafiya nake rubuto miki, Lafiyar Barebari ta Muhammadu Dunama, hedikwatar Jihar Nasarawa tun 1996. Gara in gaya miki tun da wuri: ba mu da teku. Muna da kogin Amba, muna da madatsar ruwa ta Doma, in kuma ruwa mai faɗi ake so a gani sai a gangara Makurɗi, tafiyar kusan kilomita 100, a tsaya a kan gada a kalli Binuwai. Jirgin ƙasan da a da yake bi ta tasharmu ya sauka har Fatakwal ya daɗe bai yi mana usur ba. Saboda haka mutumin Lafiya da ya ce yana marmarin ganin teku, tafiya ce a gabansa ta gaske.

Kada dai ki zaci ke ce farau wajen ɗora gida a kan taya. Kina da yayye a nan, sai dai ba su yi boko ba. Ki leƙa kasuwar doya ta Agyaragu ranar da ake lodi, ki ga tireloli. Bayan kujerar direba akwai gado. A akwatin ƙarfen da ke gefe akwai risho da tukunya da shinkafa da manja. Buta tana rataye, jarkar ruwa tana ɗaure, tabarma na naɗe, kuma idan rana ta take sai a shimfiɗa ta a ƙarƙashin motar, inuwar da babu irinta a cikinki. Yaron mota shi ne kuku, shi ne mai gadi, shi ne ladan. Waɗannan mutane sun san Ogere da Mile 12 da Fatakwal fiye da yadda suka san ajin da 'ya'yansu suke a makaranta. Dogon zama a bakin teku ma sun riga ki. A shekarun da hanyar Apapa ta cushe, direbobin tanka da tirela sun yi makonni a layi a kan gada, suna girki a nan, suna wanki a nan, suna sallar Juma'a a nan, iskar teku na kaɗa su dare da rana. Da baturen da ke cikinki ne ya yi haka, da ya ɗauki hotuna ya ce ya yi hutun da ba zai manta ba. Su kuwa da suka dawo, abin da suka ce kawai shi ne an sha wuya.

Kafin su ma akwai fatake, masu madugu da jagaba, da suka riƙa kora jakai zuwa Gwanja neman goro, wasu kuma suna ɗaukar gishirin Keana da na Awe a nan ƙasarmu suna kaiwa nesa. Akwai Fulani, waɗanda har gobe suke naɗe ruga su aza wa sa. Tafiya da gida gadonmu ce. Abin da ba mu gada ba shi ne a yi ta ba gaira ba dalili.

A nan ne za ki fara jawo mini magana. A ce na tuƙa ki na isa Kalaba. Akwai unguwar Bogobiri, inda Hausawa suka zauna tun zamanin kakanni, kuma ba zan rasa ɗan garinmu a cikinta ba. Yanzu ina zan kai fuskata in ce masa na gode da ɗakin baƙi, amma na zo da nawa ɗakin, ga shi can a ƙofar gida? Matarsa ta tuƙa tuwo, ni kuma in ce ina da abin da zan ɗumama a firiji? Kafin in dawo labari ya riga ni Lafiya: wane ya yi kuɗi, ya fi ƙarfin shimfiɗar mutane. Haka zai faru a Agege, haka a zangon Kwatano, haka a na Lome, haka a Nima ta birnin Akra. Tun daga Kalaba har Abijan babu garin bakin teku mai suna da Bahaushe bai kafa zango a cikinsa ba, kuma an kafa zangon ne domin matafiyi ya sami mai masauki. Ke kuma an ƙera ki ne domin mutum ya ratsa ƙasa guda bai buƙaci kowa ba. In na bi ra'ayinki, zumunci ya ci ni tara.

To, mu ɗauka an yafe mini wannan. Saura hanya. Gaskiya an gyara ta Keffi zuwa Makurɗi ta Akwanga da Lafiya, an raba ta biyu, kuma tun watan Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗin wucewa a ƙofofi 4. Ƙaramar mota da farashinta, bas da nata, babbar mota da nata. Ke a wane layi za a sa ki? Ina jin sai an kira taro. Mai karɓar kuɗin hanya zai ce mota ce, mai karɓar harajin gidaje zai ce gida ne, kuma na rantse ba wanda zai janye wa wani, duka biyun za a biya. Daga nan sai shingaye. Motar haya ana leƙa ta ne ta taga a ce a wuce. Ke kuwa kina da ƙofa da falo da kujeru, don haka duk mai kakin da ya tsayar da ke sai ya shigo ya zauna, tunda ba a bincika gida daga waje. Baƙo kuma in ya zauna ba a barin sa haka nan. Ki ƙirga shingayen da ke tsakanin Legas da iyakar Seme ta hanyar Badagry, ki lissafa mini buhun sukari nawa za mu tanada don shayi.

Batun mai ba sai na tsawaita ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, mutanen da ke da mota ɗaya suka koma hawa Keke Napep, ke kuma an ce ba ki san ƙoshi ba.

Kwana ne babbar magana. A hotunanki kullum ana nuna ki ke kaɗai a kan tudu, ba gida gaba ba gida baya, fitila ɗaya tana ci a taga. Hajiya, a nan ba a nuna fitila a daji. Direban da ya san ciwon kansa yana lissafin inda magariba za ta riske shi tun daga hantsi, ya nemi gindin gidan mai ko kusa da shingen sojoji, inda motoci suka yi cincirindo da janareto da masu shayi. Kaɗaicin nan da ake sayen ki dominsa, mu addu'a muke yi Allah Ya raba mu da shi a kan hanya.

Ita gaɓar ma sai an neme ta. Nijeriya tana da bakin teku mai tsawon kusan kilomita 850, amma babban kasonsa a yankin Neja Delta fadama ce da rafuffuka, inda kwalekwale ne sarki, taya ba ta da ta cewa. A Legas, Bar Beach da iyayenmu suka ɗauki hoto a kan doki an cike ta da yashi ana gina Eko Atlantic. An dai fara titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kilomita 700, kuma cikin abubuwan da ya fara taɓawa har da wurin shaƙatawar bakin ruwa na Landmark. Ranar da aka gama shi, ke ce farkon wadda zan aika wa goron gayyata, in da rai da lafiyar gwiwa.

Na daɗe ina kallon hotunanki, kuma na lura masu ƙera ki sun bar wasu kayan gyaranki ba su nuna ba. Tsohon nan da ke karanta jarida a ƙofarki, fanshonsa na faɗowa ranar da aka ce zai faɗo. Ba ya biyan kuɗin makarantar 'ya'yan ƙaninsa. In ƙirjinsa ya riƙe a wani ƙauyen masunta, akwai lambar da zai kira a zo. Waɗannan ne ainihin tayoyinki, kuma ba a shigo da su a kwantena. Ma'aikacinmu da ya cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, yawon da ke jiransa shi ne na ofis-ofis da fayil a hammata, ana tantance ko yana raye. Hutun shekara na kwana 30 kuwa a gona ake cinye shi, lokacin yankan riɗi ko haƙar doya.

Duk da haka ban ce kada ki zo ba, baƙo rahama ne. Ina dai so ki san abin da ke jiran ki. Makon farko yara za su bi ki daga Bukan Sidi har Tudun Gwandara. Mako na biyu za a zo aron ki kai amarya, kuma ba zan iya hanawa ba. Kafin wata ya cika wani ɗan takara zai aiko a tambayi kuɗin hayarki zuwa zaɓen 2027, a ɗaura miki lasifika 4 a ka. Ranar da wani abu ya lalace a injinki, bakaniken kan hanyar Shendam zai buɗe ki, ya yi shiru, ya ce a nemo masa irinsa a Legas. Kafin a samo, uwargida ta zuba kaji a banɗakin, ta jera buhunan agushi a kan gadon.

In kin amince da waɗannan sharuɗɗa, ki biyo jirgin ruwa ta Kwatano kamar sauran 'yan'uwanki na hannu. Ki taho da tayar safaya 2 da takardun kwastan na gaske. Firijin kuma ki cika shi, domin mutum 14 ne suka riga suka ce in an tashi tafiya Kalaba a rage musu hanya zuwa Makurɗi.

Wassalam.

Naki mai jiran ritaya,
wani ma'aikaci,
Lafiya, Jihar Nasarawa.