Yadda za ka sama wa sabuwar manhaja wuri ba tare da ka ɓata da dangi ba

Wayar Tecno ko Itel da ke aljihunka, Alhaji, jikar Linux ce. Android ɗin da ke cikinta an gina shi a kan Linux, wanda Linus Torvalds ya soma rubutawa a Finland a 1991. Sai dai asali ba ya hana ta turjewa ranar da kake tsakiyar kasuwar Malanville, mai albasa na jiran kuɗinsa, kana son sauke manhajar MoMo, ita kuwa ta ce atafau babu wuri.

Kada ka yi mata tsawa, gaskiya ta faɗa. Mai kwale-kwalen da ke tsallaka kogin Kwara zuwa Gaya ba ya ƙara fasinja sai an rage kaya. Kuma manhaja tana neman wurin da ya fi girmanta, don a ƙunshe take saukowa, sai an kwance ta kafin a girka.

Fara da WhatsApp, can ɓarnar take. Shiga Paramètres, taɓa Stockage et données, sannan Gérer le stockage. Zai jero maka duk abin da ya haura megabait 5, da wanda aka yi ta turawa hannu zuwa hannu. Nan za ka tarar da bidiyon bikin 'yar ƙanwar matar maƙwabcinka na Kandi, ya shigo ta rukuni huɗu. Riƙe ɗaya saboda zumunci, sallami uku. Hotunan barka da Juma'a masu furanni, tun na bara, su ma su tafi: addu'ar ta riga ta isa inda za ta je, furen ne kawai ya kwana a wayarka. Amma saƙon muryar Inna daga Gaya, wannan kada ka taɓa shi. Tun da aka rufe gadar kogin a 2023 da shi ake gaisawa, kuma irinsa goma ba su kai nauyin bidiyon rawa ɗaya ba.

Kafin ka fita, kashe saukewar da ke yin kanta. In ba haka ba, rukunin 'yan kasuwar shinkafa zai mayar maka da kayan kafin la'asar.

Sai Xender. Fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da yaron shago ya tura maka suna jibge a can, wasu ka kalla har ka haddace. Wanda ranka bai yarda ya rabu da shi ba, mayar da shi kan memori. Ka dai sayi na ƙwarai. Akwai mai araha da aka rubuta masa giga 64, alhali cikinsa bai kai ba, ka zuba masa hotunan suna ya haɗiye.

Yanzu ka natsu, Hajiya ke ma matso. A shafin kowace manhaja, cikin Paramètres na wayar, akwai maɓalli biyu maƙwabtan juna. Vider le cache shara ce kawai, share ta da hannu bibbiyu, musamman ta Facebook da TikTok. Effacer les données kuwa yana kwashe komai, har hirarrakin WhatsApp da lissafin bashin da ke ciki. Karanta sau biyu kafin yatsa ya sauka.

Manhajojin nan masu hoton tsintsiya ko roka, masu alkawarin wanke waya, bar su inda ka gan su. Wuri suke ci, su cika maka fuska da talla. Facebook babba kuma a musanya shi da Facebook Lite. Wasannin da Auta ya sauke a ɓoye, a cire su bayan ya yi barci, a tanadi alewar safe.

Abu ɗaya ya rage: a wayoyi da yawa hoton da ka goge yana zama a Corbeille har kwana 30, yana riƙe da wurinsa. Zazzage Corbeille ɗin, ka koma Play Store, ka sallami mai albasa.